Jeren Inna a Bangon Gidan Abinci

Ban taɓa mantawa da ranar ba, wata Asabar ce bayan ƙaramar Salla. Mu huɗu ne a gidan abincin da ke titin High Point Road, nan ƙasar Turawa: mai wurin, Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, 'yarsa Rakiya mai karatun zane a jami'a, Malam Fuseini na zongon Kumasi, mai kawo mana kaya, sai ni, mai tuƙa tuwo.

Ƙa'idar wurin, mai kicin ce ke duba ɗakin cin abinci kafin a buɗe. Bangon ɗakin ni na yi masa jere da kwanonin Inna mahaifiyata masu furanni da na taho da su daga Maraɗi, babba a ƙasa, ƙarami a sama, yadda take yi a ɗakinta. Gidan da nake haya an hana kafa ƙusa, shi ya sa na kawo su nan.

Rakiya ta shigo da zanenta, baƙin layi ɗaya kan farin allo. Ta dubi jerena.

"Mama, wannan ya yi kitschy da yawa."

Na ce, "Faɗa da Hausa."

Ta kama inda-inda. Malam Fuseini ya ce, "Hajiya, adon ƙauye ke nan mai yawan ƙyalƙyali. Wani lokacin su ce tacky, in sun so sassautawa su ce cutesy."

Na ce, "Nata fa, ba shi da suna?"

"Artsy-fartsy," in ji shi, yana dariya. "Na masu yangar iyawa."

Rakiya ta ce, "Baba Fuseini, kayanka na jira a mota."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Hajiya, Turawa muke so su riƙa shigowa. A gwada nata a bangon."

Ban yi musu ba, bango nasa ne. Ban kuma gaya musu Inna ta rasu ina nan ban samu zuwa ba. Kullum in na goge kwanonin nan sai in gan ta zaune a tabarma ranar Juma'a, tana dirje su da toka, tana yi mini faɗa kan na bar tabon yatsa a murfi.

A sana'ar nan na gane mutane za su ci tuwonki su yaba, amma abin da idonki ke so sai sun laƙaba masa suna.

Washegari na riga kowa zuwa, don kada wani hannu ya taɓa kwanonin. Na sauke su, na naɗe a zani. Ƙaramin mai jan fure na kai kicin, na ajiye kusa da murhu, na zuba gishiri a ciki.