Mijinyawa Ba Ya Barin Fasinja a Gaɓa

Mijinyawa Hammadu mutumin Yawuri ne, a bakin ruwa aka haife shi. Ya sauko Anacha a 1991 a bayan motar albasa, ya yi dako shekara huɗu a babbar kasuwa. Wata rana wani mai jirgin doya ya ga yadda yake taka katakon hawa jirgi da buhu a ka ba ya duban ƙafarsa, sai ya ɗauke shi aiki. Yau yana da nasa jirgin mai inji da rumfar tamfol. Ni na tambaye shi waɗannan shekaru na rubuta, shi bai damu da su ba. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: tun da ya fara tuƙi bai taɓa tashi ya bar fasinja a gaɓa ba. Saboda wannan suna ne matan Ibo masu sarin doya ke ƙyale jirage uku su jira nasa.

Bara, kwana biyu bayan babbar Sallah, ƙungiyarmu ta masu albasa ta yi shatar jirginsa don yawon shaƙatawa da iyali. Yawancinmu mun shekara ashirin a Anacha, amma daga kan gada kawai muka san kogin Neja. Da yake ni ne sakatare, na je na same shi ya faɗa mini ƙa'idojin sauka a ƙauyukan da za mu tsaya.

Ya ce kowa ya lura da bishiya ko ginin da ke inda ya sauka, kada ya yi alama da wani jirgi, domin jirgi tashi yake yi. Kada a yi nisan da ba za a ji usur ɗinsa ba. A sa silifas, gaɓa taɓo ce. Duk wanda ya sayi akuya ya san inda zai kwana da ita. Sai ya sassauta murya.

"Sakatare, wannan ka ja masa layi. In kun ga Bahaushe a zaune, ku ɗaga hannu daga nesa ku wuce."

"Haba Mijinyawa, ɗan'uwa Musulmi?"

"Ni dai na faɗa maka. Ban taɓa jiran Ibo ko Igala ba. Duk ranar da na makara, namu ne ya tsaya gaisuwa."

Na buga ƙa'idojin a takarda, na raba wa kowane magidanci, na karanta su da ƙarfi sau biyu kafin mu tashi, har matata Haulatu ta ce ko jarrabawa za a yi.

A tasha ta biyu, wani ƙauyen masunta, Mijinyawa ya dubi gabas ya ce minti arba'in kacal, akwai hadari, kuma ba ya son iska ta same shi a tsakiyar ruwa da mata da yara. Na saita agogona. Na yi alama da bishiyar mangwaro. Na tafi duba kasuwar kifi ina gargaɗin duk wanda na gani ya nufi lungu.

A bayan rumfar banda na ji an ce, "Salamu alaikum, ɗan Arewa." Wani dattijo ne a kan keken ɗinki, Malam Abdulfatah. Na ɗaga hannu kamar yadda na rubuta. Ya miƙo nasa biyu. To wa zai bar hannun dattijo a iska?

Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya Sallah, ya baƙunta. Da ya ji ni mutumin Gumel ne sai ya ture keken. Shi ma daga can yake, shekara shida bai ga ɗan gida ba. Ya tambayi unguwarmu gida gida. Duk wanda na ce ya rasu sai mun ɗaga hannu mun yi masa addu'a, kuma mutanen Gumel sun rasu da yawa a shekara shida. Matarsa ta kawo tuwon shinkafa da kifi. Usur na farko ya same ni ina wanke hannu.

"Baba, jirginmu ne ke kira."

"Ci, ci. Ai jirgi ba ya tashi ya bar mutum da loma a hannu. Ya labarin gidan Sarkin Fawa?"

Usur na biyu na miƙe, ya riƙe gefen rigata, ya ce ba mu zo kan dangin mahaifiyata ba. Iska ta fara ɗaga ledoji a kasuwa. Daga baya na ji cewa a jirgi shugaban ƙungiya ya ce a tashi, sakatare ya hau okada ya nemi titi, ai shi ya rubuta dokar. Haulatu ma ta goyi bayansa.

Mijinyawa bai tashi ba. Sai ga shi ya ɓullo da gudu, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Yana ganin furfura ya tsaya cak, ya rusuna.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, samari. Daga ina?"

"Yawuri, Baba."

"Yawuri! Na yi ɗinki shekara biyu a Yawuri. Kawo masa tabarma!"

Na ga Mijinyawa ya dubi sama, ya dubi tabarmar, ya dube ni da idon da har yau nake tunawa. Sannan ya ce, "Baba, akwai 'yan Arewa cike da jirgi a bakin ruwa, duk sun ce sai sun gaishe ku. Ga kuma ruwa na tahowa. Ku zo a yi gaisuwar muna tafe."

Dattijon ya ɗauki hularsa. Mijinyawa ya goya shi ya tsallake taɓon, ni kuma na biyo da kwanon tuwo, domin matar dattijon ta ce ba a mayar mata da abinci. Mun tashi da makarar minti goma sha takwas. Ruwan ya kama mu dab da Anacha, muka jiƙe sharkaf, amma iskar ba ta same mu a tsakiya ba. Malam Abdulfatah bai ma lura ba, yana bin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya yana tambayar garinsu.

Da muka ɗaure jirgi na matsa zan ba Mijinyawa haƙuri. Yana matse rigarsa ya ce, "Ba komai, Sakatare, kowa ya dawo. Baƙonka kuma ga shi nan, a gidanka zai sauka. Sai ranar Laraba nake komawa ta can."