Zanen Kwal a Bayan Gidaɗo

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Sha'aban, da hantsi, ɗanka Mudassiru ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Baba Labbo, abokinka ya cika." Haka na ji rasuwarka, Gidaɗo.

Mutanen Zagga sun san ka manomin shinkafa, mai ɗinke tabarmin masallaci ba tare da an sa ka ba. Ni na san ka tun muna samari, lokacin da muka tafi Inugu neman aiki a ramin kwal. Saboda ɗan bokona aka ajiye ni bakin rami ina raba fitilu. Kai kuwa ciki kake shiga, da rarrafe. Ranar da rufin rami ya zube, kai ka koma ka jawo wani ɗan garin, duwatsu suna yankar gadon bayanka. Ƙurar kwal ta shiga raunukan, fata ta warke a kanta, baƙin zane ya zauna. Ba ka taɓa ba da labarin ba, ba ka kuma sake tuɓe riga gaban mutane ba, ko a bakin kogi.

Bara Mudassiru ya kai shanu kudu, ya ɗauko mana hoton wurin a waya. Ciyawa ta rufe bakin ramin, jan ruwa yana malalowa, awaki suna kiwo kan tsohon layin dogo mai tsatsa. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Labbo, in na riga ka, kai za ka yi man wanka. Yaran ga ba su san jikin ga ba." Na ce, "Da hannun ga da ko ƙoƙo bai riƙewa?" Ka ce, "To zauna ka yi masu tsawa, wannan kam ka iya."

Ranar da ka cika, aka ce in huta, ƙafafuna ba za su kai ni ba. Na ƙi. Kafin a kawo ni a babur an riga an fara. Na tarar da Mudassiru yana dirzar bayanka da soso, hawaye na zuba. Ya ce, "Baba, ya ƙi fita. Za a ce mun bar shi cikin dauɗa da yana jinya." Na riƙe hannunsa na ce, "Bari, ɗana, ba dauɗa ba ce. Da wannan zai sadu da Ubangijinsa." Nan na gaya masa abin da ka ɓoye. Ya ajiye soson. Ya tallafi hannuna, muka zuba ruwan magarya tare, a hankali, har muka gama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Barira, da Mudassiru, da jikoki, da jama'ar Zagga baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah, bawanka Gidaɗo ya sha duhu da ƙunci a ƙarƙashin ƙasa yana neman halal. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka gafarta masa kurakuransa. Ni kuma Ka sa in cika da imani, domin yanzu a garin nan babu wanda zan ce wa, "Ka tuna?"

Malam Labbo Zagga