Kibiya da Fatar Zomo

Yayana mai facin taya ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka farauta. Gari ya daɗe da cinye dajin da yake shiga, abin da ya rage masa kawai Kibiya, wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, haƙarƙari a waje kamar an hana shi abinci. Alhali kullum sai Yaya ya dafa masa ƙashi, ya zauna yana cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Ni ƙanwarsa ban taɓa samun wannan gatan ba.

Irin wannan kare in bai yi gudu ba, ba a zaman lafiya. Saboda haka kowace safiya Yaya kan ɗaure tsohuwar fatar zomo da igiya a bayan kekensa, ya taka har bayan kasuwa, Kibiya na binsa kamar zai tashi sama. Da sun dawo ya ɓoye fatar saman rufin shago. Bai taɓa bari ya kama ta ba.

Sai gwiwa ta kwantar da Yaya. Likita ya ce keke kam a manta da shi tukuna. Kibiya ya shiga zarya a tsakar gida, daga ƙofa zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofa, ya tona gindin bango, yana wani kuka mai tayar da hankali. Mai gidan da muke haya ya ce ko kare ya yi shiru ko ya fita.

Matar Yaya, baiwar Allah, tausayi ya kama ta. Ta sa tsani ta ɗauko fatar ta jefa masa don ya samu abin wasa. Ya dira a kai, ya yayyage ta, ya shinshina, ya tarar babu komai ciki.

"Me kika yi?" in ji Yaya daga kan tabarma.

"Na ga ita yake so."

"Ba ita yake so ba. So yake ya bi ta a guje."

Na nemo sabuwar fata, na hau keken da kaina, 'yan layi suna ta dariya. Kibiya ya kalle ni, ya kalli igiyar, ya koma zaryarsa. Haushi kamar in jefar da keken a kwata.

Ƙarshe Yaya ya aika aka kira wani tsohon abokin farautarsa da har yanzu yake shiga daji. Mutumin ya zo da a-kori-kura, bayanta duk ƙarnin nama. Kibiya ya ɗaga hanci, tsalle ɗaya ya haye. Yaya ya dogara sanda ya fito bakin ƙofa, ya kira sunansa. Ko waiwaye bai yi ba.

Zuciyata ta ɓaci, na ce, "Butulu kawai."

"Ƙyale shi," in ji Yaya. "Da ni ma ina da ƙafa, da na riga shi hawa."