Tiyon Da Ya Ci Maigidana

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga Yammedi a ƙasar Karaye. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙe ta kada ta tausasa ko kalma ɗaya. A lokacin da abin ya faru ni matar direba ce, ina sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida, ban san komai game da mota ba sai ƙarar tamu, wadda nake ganewa tun daga bakin gari in ɗora ruwan wanka.

Motar maigidana tsohuwar bas ce, irin mai inji a baya, wadda ba a zuba mata ruwa, iska ce take sanyaya ta. A tasha har tsokanarsa ake yi wai motarsa kullum azumi take. An ce wasu Turawa ne suka yi yawon duniya da ita, shi ya sa take da gado a baya, daidai saman injin. Saboda gadon nan ta zama motar marasa lafiya. Mai naƙuda, mai karaya, tsohon da ba ya iya zama, duk ƙofarmu ake bugawa, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba.

Matsalarta ɗaya, zafi. Idan bazara ta yi, kafin ya kai Rogo baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, sai ya tsaya a gindin bishiya ta huce, ga mara lafiya yana nishi. Aka ba shi shawara ya ƙara mata wani ɗan lagireto na baƙin mai, a ɗaure shi inda iska take bugawa, tiyo ɗaya ya kai mai da zafinsa, ɗaya ya dawo da shi ya huce. Ya je Kano ya sayo. Tiyon baƙaƙe ne masu nauyi, da saƙar waya a cikinsu. A ɗakina ya ajiye su, har wayar ta soke ni a yatsa. Ya yi dariya ya ce wayar nan ita ce ran abin, don mai tafasasshe ne zai riƙa bi ta ciki da ƙarfi.

Amininsa bakanike ne a Karaye, tare suka yi yarinta. Yaya yake kirana, kuma ba ya shigowa gidanmu bai buɗe tukunyata ba. Shi aka ba aikin. Maigidana ya so ya tsaya a kai, aminin ya kore shi, ya ce ko ya fara zarginsa ne, ya je ya yi shara a gonarsa ya bar masu gwaninta su yi aiki. Da aminin ya dawo da motar ya ce yanzu ko Agadas za ta je ba ta yi gumi ba. Na zuba masa tuwo, na ƙara masa. Har yau in na tuna ƙarin nan sai zuciyata ta yi ɗaci.

Ba a jima ba aka zo ɗaukar wani dattijo a wani ƙauye na Rogo, wanda rabin jikinsa ya shanye. Da rana tsaka, suna kan hanya, tiyo ya fashe, mai ya fesu a kan salansa, wato bututun hayaƙi, wuta ta tashi a ƙarƙashin gadon. 'Yan rakiya suka dira. Maigidana ya riga ya fita, amma ya koma ya ɗauko dattijon. Dattijon ya rayu. Ni kuwa na je asibiti a Kano na tarar da mijina ban gane fuskarsa ba, sai muryarsa, yana tambaya ko baƙonsa ya tsira. Bai kai Juma'a ba.

Ina cikin takaba wani direban Rogo, wanda ya jawo gawar motar zuwa ƙofar gida, ya aiko mini da guntun abin da ya ciro. Koren tiyo ne, irin na ban-ruwan lambu, an naɗe shi da baƙar roba don kada a gane. Babu waya ko ɗaya a ciki. Na murza shi da yatsan nan da aka soka. Direban ya ce zafin mai ne ya narkar da shi, kuma ya ga baƙaƙen tiyon a jikin wata tarakta da aminin ya gyara a makon. Na kai kuka wurin manya, suka ce in yi shiru, kwana ne ya ƙare, kada in raba zumunci. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ajali bai naɗe tiyon lambu da roba ba, hannun mutum ne ya naɗe.

Shekaru suka wuce aminin yana gaishe ni daga nesa. Bana ya sami kujerar Makka, ya fara zagayen neman yafiya kamar yadda maniyyata suke yi. Ya zo zaurenmu da dattawa biyu, ya durƙusa, ya ce Yaya a yafe masa abin da ya yi da sani ko da rashin sani. Na ce ya faɗi wanne ne na sanin. Ya sunkuyar da kai ya ce ai ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Na ce sunan kuskuren nake so. Wani dattijo ya ce haba, baƙon Allah ne fa. Na ce to ai gara, wurin wanda ya ga aikin zai je. Na shiga ɗaki na buɗe kwallar da nake ajiya, na raba guntun tiyon biyu, na ƙulle rabi a ƙyalle, na fito na ce ga guzurina. Ya kwance ƙullin a gabansu. Ban taɓa ganin gumi ya keto wa mutum haka ba. Ya tashi ya bar takalminsa ɗaya a zaure.

Malamai sun ce mai yafiya ya fi lada, ban musa ba, kuma ina kuka a kan sallayata ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya. Amma ba zan yafe abin da mai shi ya ƙi ambata ba. Masu mota, in za a taɓa abin da mai yake bi ta ciki, ku tsaya a kai, ku duba da idonku, ko da ɗan'uwanku ne yake aikin, don kunyar amini ce ta mayar da ni gwauruwa. Ku kuma masu gyara, ku sani akwai mace a gida tana sauraron ƙarar motar nan. Ko ya tafi da guzurina ko ya jefar a hanya, ban sani ba. Rabin yana nan a kwallata. In ya dawo ya faɗa da bakinsa, zan saurara. In bai faɗa ba, akwai ranar da hannunsa zai faɗa, kuma ina nan tsaye a wurin.