Tela, Mai Ɗinke Waƙa da Waƙa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake buɗe shagonsa, kuma ba ya fara aiki da kunna na'ura. Sai ya share ƙasa, ya goge tebur da wata tsohuwar riga, sannan ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya miƙa hannu. Mai gyaran agogo ya ciro wani agogo mai hannun daƙiƙa daga aljihun tebur ya ba shi yana mita: "Shekara ashirin kana aro, ka sayi naka mana!" Shi kuma ya ce, "In na sayi nawa, wa zai riƙa gaishe ka da safe?"

Shagon ɗan tsukin ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene. In mutum biyu suka zauna, gwiwoyinsu na gogar juna. An manne bangon da kwalin ƙwai don kada amo ya dami maƙwabta. Kanta uku cike da kaset da faifai, kowanne da lamba a goshinsa an rubuta da fensir. Lambar nan ita ce tushen aikinsa. Yakan kunna waƙa, ya kafa wa agogon aro ido, yana buga ƙafa a ƙasa yana ƙirga bugun ganga har minti guda ya cika, sai ya rubuta abin da ya samu. Ko da kwamfuta ta shigo shagon, wadda ke ƙirga wannan cikin ƙiftawar ido, bai daina ba. Ya ce kwamfuta ba ta da ƙafa, ina za ta san abin da ke sa mutum rawa.

Sana'arsa haɗa waƙoƙi. 'Yan zamani dije suke ce wa mai wannan aiki, amma shi tun kafin kalmar ta zo kunnenmu ake kiransa Tela, saboda yakan ɗinke waƙa biyu, wani lokaci uku, ka saurara har ƙarshe ba ka gane inda ɗinkin yake ba. Ya ɗauko muryar wannan ya ɗora a kan gangar waccan, ya aro amshin wata ya cike gurbi, sai ka rantse mawaƙan a ɗaki ɗaya suka zauna, alhali wani ya rasu kafin a haifi wani.

Ni kuwa ni ce mai gabatar da shirin waƙoƙi na ƙarfe biyar na yammacin Asabar a gidan rediyo. Yaya nake ce masa, ba don mun haɗa jini ba, shi kuma ƙanwata yake ce mini. Shekara goma sha tara, kowace safiyar Asabar nakan biya shagonsa in karɓi haɗin mako. Da farko kaset ne, aka koma faifai, aka koma ɗan filashi da ke ɓacewa a ƙasan jakata.

Na taɓa tambayarsa me ya sa nasa haɗin ba ya yi wa kunne karo kamar na wasu. Ya ce, "Ƙanwata, su faɗo da waƙa suke yi ɗakin wata ba sallama. Ni sai sun gaisa." Ya nuna mini. Tun waƙar farko na tsakiyar tafiya yake shigo da gangar ta biyu a ƙasa-ƙasa, kamar baƙon da ya tsaya a bakin ƙofa. Bugu goma sha shida yake ba su suna tafiya tare. In ƙafarsa ta yarda, sai ya buɗe wa muryar hanya. In ba ta yarda ba, ya warware ya sake, ko da sau talatin ne.

Mai gyaran agogo ya ba ni labarin wani tsohon direba da ya zo shagon da kaset biyu. Matarsa na kwance ba lafiya, kuma shekara arba'in suna gardama a mota kan wanda za a sa: ita tana son wata waƙa mai sanyi, shi yana son wata mai zafi. Roƙonsa kawai a juye masa su a kaset ɗaya, tata a gaba tasa a baya. Tela ya ƙirga, ya ga tata bugu saba'in da biyu a minti, tasa casa'in da shida. Ya ce wa tsohon ya dawo bayan mako guda, amma sai da aikin ya ci mako uku. Ya riƙa ɗaga tata kaɗan-kaɗan yana sauke tasa, har suka haɗu a tsakiya ba tare da murya ta lalace ba. Da direban ya ji muryar waƙar matarsa a kan gangar tasa, sai ya zauna a kan kujera ya cire hula. Can ya ce, "Ashe suna shiga." Bayan kwanaki ya dawo da saƙon tsohuwar, wai a gaya wa Tela ya ɓata mata lissafi, yanzu ba ta san wanda ya ci gardamar ba.

Kai ne wannan, Yaya. Kai ne mai haƙurin zama da waƙa har ta saki jiki. Kai ne wanda direbobi suka yi tafiyar yini da aikinsa, masu jinya suka rage tsawon rana da shi, mata suka yi wanki suna bin amshinsa, ba wanda ya san fuskarka. Kuma ni ce dalilin da ya sa ba su sani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don haka bari in faɗe shi ba kwana-kwana. Duk Asabar masu sauraro kan bugo waya su ce, "Allah ya yi wa hannunki albarka, yaya kika yi kika haɗa waɗannan?" Ni kuma in yi dariya in ce, "Na gode." Ban taɓa cewa ni na haɗa ba, kuma ban taɓa cewa ba ni ba ce. A shekarar farko na ce ai ba a tambaye ni kai tsaye ba. A ta biyar na ce ai lokaci ya wuce, in na faɗa yanzu za a ce da can ƙarya nake yi. A ta goma gidan rediyo ya ba ni takardar yabo saboda shirin, na sa ta a gilashi na rataya a falo. Tela ya zo har gida ya taya ni murna, ya tsaya ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ce rubutun ya yi kyau. Matarsa ce, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta ce mini a bakin ƙofa, "A gaida takarda." Na gane, na yi kamar ban gane ba. Yabo yana da daɗi, kuma na saba da shi.

Alamun sun fito tun bara, ni ce ban kula ba. Ya fara ƙure ƙarar sifika har mai gyaran agogo na bubbuga bango. In na yi magana sai ya juyo da kunnen hagu ya ce, "Na'am?" Ni kuwa sai tsokana: "Yaya, tsufa ya yi sallama, ka amsa masa." Ya yi murmushi. Ashe kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu na binsa. Likita ya gaya masa shekarun da ya yi da abin sauraro manne a kunne ne suka cinye jin. Daga shi sai matarsa suka sani.

Sai wata Asabar. Na karɓi filashi kamar kullum, ban saurara ba. Na yi shekaru ban saurari aikinsa kafin in sa ba, don me zan saurara? Muna kai tsaye, a minti na huɗu, gangar waƙa ta biyu ta shigo da rabin bugu a makare. Ganguna biyu suka riƙa tuntuɓe da juna kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙunƙuntar ƙofa, muryar kuma ta faɗo a kansu a karkace. Haka aka yi ta tafiya kusan minti guda, ni na daskare. Layukan waya suka cika. Wani mutum ya ce, "Haba baiwar Allah, yau me ya samu hannun naki?"

Na buɗe baki na ce, "Ku yi haƙuri, ai ba ni ke haɗawa ba. Akwai wani mutum da ke haɗa mana, Tela ake ce masa, yau hannunsa ne ya goce."

Injiniyan da ke bayan gilashi ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan na'ura. A nan na ji abin da na faɗa. Shekara goma sha tara na ci yabonsa ni kaɗai, ranar da aka zo da zargi, cikin daƙiƙa biyar na tuna da shi.

Ya ji. Mai gyaran agogo ya ce yana zaune a shago da ƙaramar rediyo manne a kunnen hagu, kamar yadda yake yi duk Asabar. Da na gama maganar ya ajiye rediyon a hankali, ya ce, "To, yau dai an san da ni." Ya ɗan yi dariya, ya mayar da agogon aro, ya rufe shago tun rana ba ta faɗi ba.

Abin da ya kamata in yi sananne ne: in tashi daga ɗakin shiri in nufi shagon, in durƙusa in ba shi haƙuri, Asabar mai zuwa in gaya wa duniya gaskiya yana ji. Ban yi ba. Kunya ta riƙe mini ƙafa. Na koma sa tsofaffin haɗe-haɗensa, na sauya hanyar zuwa aiki don kada in bi ta layinsu. Kullum ina cewa mako mai zuwa, in hankali ya kwanta. Na ɗauka ina da lokaci, ban san kunnen da zai ji haƙurin nawa kullum raguwa yake yi ba. Wata biyar na yi a haka.

Ranar da na je, na tarar ana ɗaure kaset-kaset a kwali. An ɓamɓare kwalin ƙwai daga bango, wurin ya yi fayau. Matarsa na tsaye da ɗan littafi da biro a hannu. Na gaishe shi, na fara jero maganar da na haddace a hanya. Ya kafa wa bakina ido yana murmushi, ya dubi matarsa. Ta ce, "Ki daina wahalar da kanki, ba ya jin ki. Tun watan jiya."

Shi kuwa ya laluba aljihu ya ciro filashi ya danƙa mini. Muryarsa ta ƙara ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. Ya ce, "Ƙanwata, na gyara wancan. Amma ki saurara kafin ki sa." Matarsa ta ce mako shida ya yi a kansa. Tunda kunne ya ƙi, sai ya kwantar da sifika a kan tebur, ya ɗora tafin hannu a kai yana jin bugun a fatarsa, ido a kan agogo, ƙafa na ƙirga. Ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce mata ba zai rufe shago da ɗinki a warware ba.

Asabar da ta wuce na sa shi. Kafin in sa na yi magana ta minti bakwai, na faɗi komai: shagon, agogon aro, shekarun, takardar da ke falona, da abin da na yi masa. Waya ta yi ta shigowa, har ɗan tsohon direban nan ya bugo ya ce kaset ɗin na nan a wurinsu. Da na tashi na kira matar Tela. Ta ce ya zauna tun ƙarfe biyar saura da hannunsa a kan rediyo. Duk tsawon maganata bai ji komai ba sai ɗan kaɗawa, har ya tambaye ta ko rediyon ce ta lalace. Da ganga ta fara sai ya gyara zama. Da aka gama ya dube ta ya ce, "Ɗinkin ya fito?" Ta girgiza kai, alamar ba a jin inda aka haɗa. Ya ce alhamdulillahi, ya tashi ya shiga ciki.

Na ce, "Anti, don Allah ki rubuta masa abin da na faɗa."

Ta ce, "Ni ba 'yar aikenki ba ce. Idonsa ƙalau yake. Ki rubuta da hannunki, a inda kowa zai gani."

To ga shi na rubuta, Yaya. Na gode da shekara goma sha tara. Na gode da ba ka taɓa tambayata haƙƙinka ba, ko da yake da ka tambaya da ya fi mini sauƙi. Ka yafe mini. Na sauke takardar daga bango, tana hannun mai gyaran agogo zai kawo maka, kuma ya ce in gaya maka agogon ma ya bar maka, amma ka ci gaba da zuwa gaisuwa.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi haƙurinsa, ku bar waƙoƙi su gaisa, kuma ku rage ƙarar abin da kuke sawa a kunne. Ku kuma da ake yaba muku a kan aikin da wani ya yi a ɗan ɗaki bayan fage, ku faɗa yau, tun yana iya ji. Ni na jira, kuma kun ga inda jiran ya kai ni.

Na bi umarninka, Yaya. Na saurara kafin in sa, sau uku, da ido a rufe, ina neman wurin da suka haɗu. Ban same shi ba.