Raken Bayan Rumbu

Cikina na uku na yi shi a Burumburum, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Biyun farko duk sun zube, don haka gidan nan kowa ya zama likitana. Ƙafafuna suka kumbura, ƙwannafi ya hana ni sakat, tuwo kuwa ko ƙamshinsa na ji sai amai.

Ungozomar garinmu ta zo ta lallatsa ni, ta ce zaƙi ne ya taru, shi ke tare hanyar haihuwa. Ba zuma, ba rake, sai jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Surukata, wadda nake kira Inna, ta kafa doka a gaban kowa: "'Yar nan, in na ga rake a hannunki, ni da ke ne."

To ni kuma duk duniya ba abin da raina ke so sai rake. Wallahi har mafarkinsa nake yi!

Wata rana da hantsi na zagaya bayan rumbu, sai ga rake guda a jingine, an ma yanke masa kai. Na ce rabo ne ya kira ni. Na shanye shi tas, na tura tuƙar da na tofar ƙarƙashin rumbu. Washegari ga wani. Na ɗauka maigidana ne ke mantuwa in ya dawo daga fadama, na ce Allah ya ƙara masa mantuwa. In Inna ta miƙo jiƙo, sai in yamutsa fuska in sha, in ce, "Inna, ni ko sha'awar zaƙi ba na yi." Ta ce, "Madalla da 'yar kirki."

Amma tsoro bai bar ni ba. Kullum na tofar da tuƙa sai in ce a raina: in wannan cikin ma ya tafi, ni na kashe shi da kwaɗayina.

Kwana biyu na yi ina naƙuda. Yarinya ta zo da ranta, 'yar mitsitsiya, sai tsala ihu.

Da za a hura wutar ruwan wankan jego, Inna ta kori kowa, ta jawo kwando cike da busasshiyar tuƙa ta zazzage a murhu. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ta ce, "Ɓarauniya, ko ɓuya ba ki iya ba. Wa kike zaton yana jingine miki? Wata biyu ba abin da ke zama a cikinki, in zuba ido yunwa ta kashe min ku?"

Na ce, "Inna, to me ya sa kika tara?"

Ta ce, "Don kada wani ya gani. Da abin ya zo da akasi, da na ƙone ta ni kaɗai, ba mai ɗora miki laifi."

Ta sunkuya tana hura wutar, ni kuwa kuka ya ƙwace min.