Tsuntsun Garin Su Ɗanliti

Malam Ɗanliti ya shekara goma sha bakwai yana gadin wani katafaren sito a garin Laurel na jihar Maryland a Amurka, kuma ba a taɓa kama shi yana gyangyaɗi ba. Ba ya shan taba, ba ya tsegumi. In an yi rasuwa shi ne na farkon zuwa, in an yi suna shi ke kwashe kujeru bayan kowa ya watse. Aibinsa ɗaya ne a idon Hausawan yankin, amma fa babba ne: kallon tsuntsaye yake yi.

Da kiwonsu yake yi, da an ce sana'a ce. Da harbinsu yake yi, da an ce ko ba komai za a sha romo. To kallo ne zalla. Mutum da furfurarsa ya rataya madubin hangen nesa, ya shiga daji ya tsaya ƙiƙam yana leƙen abin da bai kai loma biyu ba, ya rubuta sunansa a littafi, ya dawo gida yana murna kamar an yi masa albishir da Makka.

Abin dariyar shi ne, duk Maryland babu wanda ya taɓa tsanar tsuntsu kamarsa. A wani ƙauye cikin fadamar Haɗeja ya tashi, a kan rumfar gadi tsakiyar gonar shinkafa. Tun daga fitowar rana har faɗuwarta yana jan igiyar gwangwanaye, yana tafi, yana kurma wa tsuntsayen jan baki ihu. Ranar da garke ya sauka ya yi ɓarna, babansa ba ya tambayar dalili, sai bulala. Shekara bakwai ya yi a haka, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar tsuntsu ba.

A shekarar 2003 ne, wata safiya, ya hangi wata tsohuwa durƙushe a jikin wayar shingen siton da madubi a ido. Ya taho da saurinsa zai yi aikinsa. Ko juyowa ba ta yi ba, sai ta ɗaga masa yatsa ya yi shiru, ta miƙa masa madubin. Sunanta Constance, ta yi ritaya daga aikin gidan waya, ita ce shugabar wata ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Ɗanliti ya duba, ya ga wani ɗan mitsitsin abu shuɗi shar yana rera waƙa iya ƙarfinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tambayar da duk ɗan fadama zai yi.

"Madam, ana cinsa?"

Saura kaɗan tsohuwa ta faɗi. Amma ranar Asabar ta zo da mota ta ɗauke shi. A wannan fitar ta farko ya tafka abin kunya. Wani garken baƙaƙen tsuntsaye ya sauka a gonar masara, kafin ya ankara hannuwansa sun tafa, bakinsa ya ɓarke da ihun fadama. Hali zanen dutse. Daga ranar ya samo magani: duk sanda za su fita sai ya ciji asuwaki, ba ya cirewa sai an dawo mota.

Wata rana yana buɗe littafin tsuntsayen Constance ya ci karo da hoton wani, girman gwara, mai farin ƙugu, tsaye a kan dutse. Ya ce ai wannan ɗan garinsu ne, da rani bayan girbi yakan gan shi a kan kunyar gona yana kaɗa jela. Constance ta ce ba mamaki, domin a can ƙarshen arewacin Kanada wasunsu ke yin sheƙa, in sanyi ya gabato su ƙetare teku su sauka Afirka ta Yamma. Abin ya taɓa zuciyar Ɗanliti ƙwarai. Shi da ke da fasfo, sau uku kacal ya je gida tun zuwansa, ga wani abu da bai cika tafin hannu ba yana zuwa kowace shekara. Ya raɗa masa suna Ɗan Garinmu, ya ware masa layi na farko a littafinsa, ya bar shi babu rubutu sai ranar da suka haɗu.

Tun daga nan hutunsa na sati biyu ya zama na ƙungiya. Kowane watan Yuni su nausa arewa, su bi filayen ciyawa, su ratsa dazuzzuka, har su dangana da ƙasar da itace ba ya tsayi saboda sanyi. Shekara goma sha ɗaya, ya rubuta tsuntsu sama da ɗari huɗu, layin farko yana nan fayau. Matarsa Saudatu ta yi ta rufa masa asiri tana cewa kwas aka tura shi, har wata mai dogon baki ta tambaye ta wane irin gadi ne ake kwas ɗinsa shekara goma ba a gama ba. Magana ta fita. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce wani boka ne ya sa shi neman gashin tsuntsu.

Duk wannan bai dame shi ba sai a 2014, da Fahad, wani matashin likita, ya ga 'yarsa Umaima ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Dangin yaro suka shiga bincike kamar yadda aka saba, suka ɗora nauyin a kan baffansa, Alhaji Rilwanu, injiniya a garin Greenbelt da ke kusa da su, mutum mai tumbi da taƙama, wanda ba ya gaisawa da kai sau biyu bai sanar da kai cewa a Nasarawa cikin birnin Kano ya tashi ba. Alhaji ya zo har gida, ya sha shayi, ya yi gyaran murya.

"Malam Ɗanliti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinya ba ta da makusa. Amma ana maganganu a kanka, kuma ka san irin wannan lalura jini take bi. Ba zan ba da ɗana ba sai na gani da idona. Wannan tafiya taku ta bana, da ni za a yi."

Bayan ya fita Umaima ta zo ta durƙusa gaban babanta. Da Turanci ta saba amsa masa, Hausarta mai tsami ba ta fito da ita sai abu ya yi tsanani. Ta ce, "Baba, don Allah, sati biyu kawai. Ka yi kamar sauran mutane." Ɗanliti ya ji tausayinta har cikin ransa, ya kuma ji tsoro, don bai san yadda sauran mutane ke yi a daji ba.

Aka tafi. A filayen ciyawar Manitoba ta Kanada Alhaji ya fito daga mota cikin shadda mai sitaci da takalmi mai tsini, ya dubi fili iya ganinsa ya ce, "Yanzu duk wannan ba mai nomawa?" Aka tsaya awa biyu ana jiran wani tsuntsu ruwan ƙasa ya leƙo daga ciyawa. Da ya leƙo kowa ya zaro littafi, Alhaji ma ya zaro nasa. Ɗanliti ya saci kallo ya ga abin da ya rubuta: "Ya yi awa biyu bai ƙifta ido ba."

A daji abin ya ƙara lalacewa. Masu wannan harka suna da wani sauti da suke yi da leɓe don ƙananan tsuntsaye su matso, kuma duk ƙungiyar ba wanda ya kai Ɗanliti iyawa, ko da asuwaki a baki. Constance ta ce ya yi, ya rasa yadda zai ƙi. Alhaji, wanda sauro ya riga ya mayar da wuyansa kamar kunyoyin gona, ya rubuta: "Yana yi wa itace magana." Suka hau jirgin ƙasa kwana biyu zuwa wani ɗan gari a bakin teku, inda ƙanƙara ke yawo a ruwa tsakiyar Yuni. Nan kuma rana ta ƙi faɗuwa. Sau uku Alhaji yana alwalar magariba tana karyewa, daga ƙarshe ya dubi Ɗanliti kamar shi ya riƙe ta.

Ranar da za su juyo, da hantsi, labari ya zo cewa an ga Ɗan Garinmu a duwatsun bakin teku. Su goma suka lallaɓa suka jeru, Constance a gaba da sandarta, Hausawa biyu a baya. Alhaji ya sami dutse ya zauna, ya buɗe ledar ƙuli-ƙuli da gyaɗa da Saudatu ta ƙulla musu, ya ajiye a gefe yana fama da safar hannu. Can Constance ta ɗaga yatsa, irin ɗagawar nan ta bakin shinge. Ɗanliti ya gyara tsayuwa. Ya ɗora madubi, ya hangi wani abu dishi-dishi a kan dutse yana kaɗa jela, ya fara murza madubin a hankali.

Daidai nan wasu manyan hankaki suka diro wa ledar.

"Haaa-yo! Haaa-yo! Karrr!"

Tafi uku, bugun ƙafa ɗaya. Duk abin da ke da fiffike a bakin tekun nan ya tashi sama. Ɗanliti ya ga wani ɗigon fari ya gilma ya ɓace bayan duwatsu, shi ke nan.

Ya waiwaya. Ga Alhaji Rilwanu tsaye, hannuwa a sama, hula a ƙasa, baki buɗe, shi kansa bai san lokacin da abin ya fito ba. Wannan ihu ba a koyonsa a Nasarawa. Sai wanda ya yi shekaru a kan rumfa yana jan gwangwani ke da irin wannan karin, har da jan ƙarshen. Ran Ɗanliti ya ɓaci iyakar ɓaci. Shekara goma sha ɗaya! Ji ya yi kamar ya shaƙe mutumin nan ya tura shi cikin ƙanƙara. Mutum takwas suna juyowa da fuskokin da ko a gidan makoki ba a ganin irinsu, Alhaji kuwa ya yi tsuru-tsuru kamar an kama shi da hannu a tukunya. Sai Ɗanliti ya tuna Umaima a durƙushe. Ya kuma tuna yadda shi ma ya ji a gonar masara, ranar da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya zare asuwaki daga bakinsa.

"Ni ne," ya ce da Turanci. "Ku yi haƙuri. Tsohon ciwon ne ya tashi."

Ba wanda ya yi mamaki, kowa ya san tarihinsa. Wani dattijo da ya taso tun daga Texas saboda wannan tsuntsu ya faɗi wata kalma da ba ta maimaituwa. Constance ce kaɗai ta dubi asuwakin da ya kusa rabewa biyu don cizo, ta dubi hular da ke ƙasa, ta mayar da madubinta ido. Suka jira har la'asar, tsuntsu bai dawo ba.

A jirgin komawa aka wuce tasha uku. Sannan Alhaji, yana kallon taga, ya ce, "Wace fadama?"

"Ta Haɗeja."

"Ni ta Kadawa. Shekara shida." Ya buɗe tafin hannunsa, ga tsohon tabon igiya ya ratsa shi. "Ko Hajiya ba ta sani ba." Ya ɗan nisa. "Ka dai gan shi?"

"Na ga bayansa."

"Ya isa a rubuta?"

"Bai isa ba, Alhaji."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Littafinsa bai sake fitowa daga aljihu ba har Laurel.

Bayan salla ƙarama dangin Fahad suka zo neman aure. Uban yarinya ba ya zama a irin wannan wuri, don haka Ɗanliti ya wakilta amininsa, shi kuma ya maƙale a bayan ƙofar kicin wai yana neman ƙarin kujeru. Yana ji wani tsoho daga cikin baƙin ya ce, kafin a yi nisa, ya kamata Alhaji ya faɗa wa jama'a abin da ya gano game da maganar nan ta daji. Saudatu ta damƙe ludayi, Umaima ta rufe fuska da gyale.

Alhaji Rilwanu ya ce, "Na bi mutumin nan har inda ƙasa ta ƙare. Mu biyu ne Hausawa a wurin. Ɗaya ya yi ihu a daji kamar mahaukaci, ya kori abin da ɗan'uwansa ya shekara goma sha ɗaya yana nema. Ɗayan ya ce shi ne ya yi, don kada a ga wallen baƙonsa. Ni ne mai ihun. In akwai gidan da ya kamata a bincika, namu ne."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. A bayan ƙofa Ɗanliti ya share ido da hannun riga, ya ce wa Saudatu albasarta ta cika yaji.

Da aka watse ya shiga kwashe kujeru kamar yadda ya saba. Sai ga Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya kama ɗaya, yana ta kame-kame, har dai ya fito da ita: wai ya ga wani madubi a kanti, bai san ko mai kyau ba ne, kuma ko akwai sauran wuri a motar Yuni mai zuwa, tunda layin farkon nan shi ya jawo yake fayau.

Ɗanliti ya ajiye kujera, ya laluba aljihu, ya zaro sabon asuwaki ya miƙa masa.

"Ka fara cizo tun yanzu, Alhaji. Wata goma ba yawa."